Dalar Gyaɗa a Tafin Hannu: Lacca Kan Sulallan Tunawa

 

Yaron da aka haifa shekara goma da suka wuce, in ka roƙe shi kuɗi, yana iya ce maka ba shi da ko sisi. Bai taɓa ganin sisi ba, mahaifinsa ma wataƙila bai taɓa kashe shi ba, domin an daina amfani da shi tun zuwan naira a 1973. Haka muke cewa ko kwabo, ko anini, ko ƙwandala. Anini ma ya fita daga aljihu ya koma gaban riga ya zama maɓalli, ya kuma hau kafaɗar hafsan soja. In attajiri ya biya kuɗi lakadan sai mu ce ya zube su wuri na gugar wuri, alhali wuri ya bar kasuwa tun zamanin kakannin kakanninmu. Ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Babu wata doka da ta ce mu riƙe waɗannan kalmomi. Hannu ne ya saba da abin, baki ya ɗauka, 'ya'ya suka gada. A kan wannan nake son gina maganata: ƙaramin ƙarfen da ke yawo daga hannun mai ƙosai zuwa hannun ɗan makaranta yana dasa abu a ran al'umma fiye da allon talla da jawabin gwamnati. Saboda haka ya kamata Najeriya ta buga sulallan tunawa masu ɗauke da alamun yankunanta, amma irin waɗanda ake kashewa a kasuwa, kuma in an zo kan Kano, aikin hannun mutanenta ya kamata a zana.

Sulallan tunawa iri biyu ne, kuma rashin rabe su shi ke ɓata muhawarar. Akwai na zinariya ko azurfa da ake bugawa kaɗan, a sa a akwati mai ƙyalle, a miƙa wa manyan baƙi ko a sayar wa masu sha'awar tarawa. Waɗannan ba su da laifi, sai dai ba su da aiki a wurin talaka, domin ba zai taɓa ganinsu ba. Akwai kuma waɗanda ake bugawa miliyoyi, darajarsu daidai da ta sauran kuɗin ƙasa, fuska ɗaya ta kowa ce, ɗaya fuskar kuwa tana ɗauke da wani gini ko sana'a ko amfanin gona na wani yanki. Na biyun nan nake nufi.

Kano ta yi ɗaruruwan shekaru tana kasuwanci da kuɗin da babu alamarta a jiki. Wurin da aka riƙa ƙirgawa a Kasuwar Kurmi ƙoƙon wata halittar ruwa ne da ake kwasowa daga tsibiran Maldibs a Tekun Indiya, daga baya kuma daga gaɓar Zanzibar. Da Baturen matafiyi Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya kimanta tufafin da ake saƙawa a rina a fitar daga ƙasar nan da wuri miliyan 300 a shekara, a lokacin da wuri 2,500 ke daidai da azurfa ɗaya ta Turai. Azurfar da fatake suka fi amincewa da ita ta ƙasar Austiriya ce, mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wadda ake ta sake bugawa da shekarar 1780 a jikinta, maƙeran farfaru kuma suna narka ta su yi awarwaro da zobe. Daular Sakkwato, duk da faɗinta da yawan littattafan malamanta, ba ta buga sulallan kanta ba. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sai ga kwabo da anini masu huji a tsakiya tun daga 1907, ɗauke da sunan sarkin Ingila da tauraro mai tsini shida. Abin lura shi ne har su Turawan sun rubuta darajar kwabon da haruffan Larabci, domin sun san wanda zai karɓe shi da waɗannan haruffa yake karatu. Sun kuma matsa a biya haraji da waɗannan sulalla, manomi ya ga ba makawa sai ya noma abin da zai kawo masa su. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 gyaɗa ta buɗe, kwabon Bature ya shiga kowane ƙauye.

Shawarar da nake bayarwa ba baƙuwa ba ce, mun taɓa yin ta ba tare da mun raɗa mata suna ba. Sulallan farko da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 1959, lokacin ƙasar tana da yankuna uku, an raba musu amfanin gonar yankunan. Taro yana ɗauke da auduga, sisi da koko, sule da ganyen kwakwar manja, sule biyu kuwa da gyaɗa. Mai saye a Ibadan yana riƙe da audugar Funtuwa, ɗan kasuwar Kwari yana riƙe da kokon Yamma. Da aka koma naira a ranar 1 ga Janairu 1973 an ci gaba da wannan tsari: rabin kwabo auduga, kwabo ɗaya rijiyoyin man fetur, kwabo biyar koko, kwabo goma bishiyar kwakwa, kwabo ashirin da biyar, wanda shi ne mafi girma a cikinsu, dalar gyaɗa. Dattawan da ke zaune a nan sun kashe shi, sun kuma san inda dalar take. Ba na jin akwai wani abu na Kano da ya ratsa Najeriya lungu-lungu kamar wannan hoton. Yaron Kalaba da bai taɓa tsallake Binuwai ba ya san akwai wani gari a Arewa inda ake jera buhunan gyaɗa su yi tsauni.

Sai dai wannan kwabo ashirin da biyar yana da wani darasi mai ɗaci da bai kamata mu tsallake ba. Shekarar da aka fitar da shi, 1973, ita ce shekarar babban fari. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta share gonaki, kuɗin mai kuma ya janye hankalin gwamnati daga noma. Dalolin suka ƙare a ƙasa, suka rage a bayan ƙarfe kawai, har zuwa 2007 da aka janye ƙananan kwabban gaba ɗaya. Ashe ƙwandala tana iya zama alamar kabari, ta nuna abin da al'umma ta yi sakaci ya mutu. Akwai kuma abu na biyu. Dalar gyaɗa ma'ajiyar mai saye ce. Sunan da ke biye da ita a bakin mutane shi ne na Alhaji Alhassan Ɗantata da manyan kamfanonin Turawa, kuma Ɗantata ya cancanci a tuna da shi. Amma wanda ya yi huɗa, ya yi shuka, ya yi noma, ya cire, matarsa da 'ya'yansa suka tsinke suka ɓare, ba ya cikin hoton. Buhunsa ne kaɗai ya shiga.

Wannan shi ya kawo ni ƙasar da muke zaune a kanta. Bacirawa da sauran ƙasar Ungogo suna cikin da'irar gonakin da suka kewaye birnin Kano, inda mutane suka yi yawa har babu damar a bar gona ta huta. Michael Mortimore, masanin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, kuma abin da ya rubuta ya sa masana a duniya sun sake tunani kan zaton da ake yi cewa yawan jama'a dole ya kashe ƙasa. A nan ana noma gona ɗaya kowace shekara, daga kaka zuwa jika, ba ta gaji ba, saboda dabarar da manoma suka ƙware a kai. Da rani jaki ya shiga birni da itace ko kara, ya dawo da mangala cike da taki da toka. A haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya. A ɗaure tumaki da awaki a gida da damina, a ciyar da su da harawa, takinsu ya koma gona. A bar ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo a tsakiyar gona, kowace bishiya da mai ita. Wannan ilimi ne, kuma shi ya ciyar da masaƙa da marina da dukawa da malaman birni. In ana maganar gadon Kano akan ambaci ganuwa, da Gidan Rumfa, da marinar Ƙofar Mata, da hawan sallah wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a watan Disamba 2024. Duka sun isa a yi alfahari da su. Amma dokin da ke hawan Daushe dawar wani ya ci, kuma ba a cika tambayar gonar wa ba. Yau kuwa kowa a nan shaida ne cewa gonakin suna zama fuloti, bulo yana hawa inda dawa take tsayawa. In za a ba Kano bayan ƙwandala ɗaya, ra'ayina shi ne a zana jaki da mangalarsa kusa da damin gero. In biyu ne, a ƙara da marini a bakin karofi. Fuskar wani mai mulki ba ta cikin abin da zan roƙa, domin fuska tana jawo gardamar wane ne ya fi wane, kuma Kano ta ga isasshiyar irin wannan gardama.

Kada wani ya ce jaki bai dace da kuɗin ƙasa ba. Daga 1999 zuwa 2008 Amurka ta buga sulallan kwata na dala guda hamsin, ɗaya ga kowace jiha, biyar a kowace shekara, kuma jihohin ne suka zaɓi abin da za a zana musu. Jihar Wisconsin ta zaɓi kan saniya da cuku da zangarniyar masara, ba ta ji kunya ba. Hukumar buga kuɗin ƙasar ta kimanta cewa mutum sama da miliyan 140 ne suka riƙa tara waɗannan sulalla, kuma saboda mutane suna ajiye su ba sa kashewa, baitulmali ya ci ƙarin ribar da ta kai wajen dala biliyan uku. Jamus ta fara nata a 2006 a kan ƙwandalar yuro biyu, kowace shekara jiha ɗaya da wani gininta, farawa da tsohuwar ƙofar garin Lubek. Japan ta yi wa lardunanta 47 tsakanin 2008 da 2016.

Yanzu sai abin da masu suka za su ce, kuma wasu daga ciki suna da nauyi. Na farko za a ce 'yan Najeriya sun ƙi ƙwandala. An fitar da sababbin kwabo hamsin da naira ɗaya da naira biyu a watan Fabrairu 2007, ba su yi nisa ba suka ɓace. A 2012 Babban Banki, lokacin Malam Sanusi Lamido Sanusi yana gwamna, ya shirya mai da naira biyar da goma da ashirin sulalla tare da fitar da takardar naira 5,000, jama'a suka yi ca, shugaban ƙasa ya dakatar da shirin. Har akwai maganar da ta zauna a kasuwa cewa duk takardar da aka mai da ƙarfe ta mutu. Ina ganin an ɗora wa mai wankan gawa laifin kisa. Naira ɗaya da ta zama ƙwandala a 1991 ta riga ta rame tun bayan karya darajar kuɗi a 1986, naira biyun 2007 kuwa an haife ta ne ba ta iya sayen komai. Mutane ba ƙarfe suka ƙi ba, kuɗin da ba ya saye suka ƙi. Shaida tana nan kusa. Ku bi hanyar Katsina ku shiga Maraɗi, za ku tarar da Hausawa irinmu suna ciniki da sulallan sefa hamsin da ɗari da ɗari biyu da ɗari biyar, suna ƙirga su da dala, babu mai yar da su, domin kowanne yana sayen wani abu. Don haka in za a buga, a buga a kan darajar da ke aiki yau, kamar naira ɗari da ɗari biyu da ɗari biyar. Zan amince da mai suka a wuri ɗaya. In tsadar kaya ta ci gaba da hawa da sama da kashi talatin cikin ɗari a shekara, kamar yadda ta yi a 2024, kowace ƙwandala za ta bi sahun ta 2007 cikin 'yan shekaru, har ƙarfenta ya fi darajarta tsada, ta ƙare a tukunyar maƙeri. Gwamnatin da ta buga ƙwandala ta ɗauki alkawarin tsare darajar kuɗinta ke nan, in ba za ta iya ba, gara kada ta fara.

Suka ta biyu ita ce ana fama da abin sawa a baka, wa ke ta zane a bayan ƙarfe? Da shawarar ita ce a ware kuɗi daban don biki, da ni ma na ƙi. Amma ƙasa ba ta daina buga kuɗi, kowace shekara sai an maye gurbin takardun da suka yage. Takardar naira ɗari da ke yawo tsakanin mahauta da masu manja da kwandastoci ba ta daɗewa take zama tsumma, har a ƙi karɓa a yi rigima. Ƙwandala kuwa tana iya shekara ashirin zuwa talatin tana aiki. Tsadarta a farko take, sauƙinta yana baya. Sauya hoton fuska ɗaya ƙaramin abu ne a kan kuɗin ƙarfen da na bugu, kuma muna da kamfanin buga kuɗi na ƙasa tun 1963. Rashin canji ma yana da nasa haraji da talaka ke biya: in babu ƙaramin kuɗi, farashi ba ya hawa da kaɗan-kaɗan, tsalle yake daga hamsin zuwa ɗari, ko a cika maka canjinka da alewar da ba ka nema ba.

Suka ta uku ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Za a ce ƙasar da ta yi yaƙin basasa, wadda har Biyafara ta buga nata sulalla a 1969, bai kamata ta farkar da maganar yanki a kan kuɗinta ba. An kuma ga yadda cire ajami daga ƙananan takardu a 2007, da daga naira ɗari ta cikar Najeriya shekara ɗari a 2014, ya ta da jijiyoyin wuya a ɓangarori biyu. Amsata ita ce sulallan Biyafara na wata hukuma ce da ta ce ta fita daga ƙasar. Abin da nake magana a kai banki ɗaya ne zai buga, kamar yadda tsarin mulki ya keɓe wa gwamnatin tarayya ikon kuɗi, tambarin ƙasa yana fuska ɗaya, kuma ƙwandalar kowace jiha halal ce a kowace jiha. Amfanin ma yana cikin yawon. Ta Kano in ta tsaya a Kano ba ta yi aiki ba, sai ta kai Aba da Abekuta, mu ma ta Binin da ta Argungu da ta Sukur su faɗo hannun 'ya'yanmu su tambayi mene ne wannan. Rigimar ajami ta yi zafi ne saboda wuri ɗaya ake takara a kai, in an sa na wani an cire na wani. Jiha talatin da shida da Abuja, kowa da nasa fili, babu wanda aka ture. A filin Kano kuwa ina ganin dacewar a rubuta sunanta da boko da ajami, domin da haruffan nan biyu mutanenta ke karatu, kuma abin da ke jikin naira ɗari biyu yau ba aya ba ce, Hausa ce ke faɗin darajar kuɗin.

Malamai za su iya tambaya game da zana mai rai, kuma tambaya ce da za a girmama. Tun shekara ta 77 bayan Hijira halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinari da babu komai a jikinsa sai rubutu, aka bi wannan hanya ƙarnoni. In malaman Kano suka ga a bar jakin, damin gero da rumbu da garma sun isa su faɗi abin da ake nufi.

Akwai kuma masu cewa zamanin tsabar kuɗi ya wuce, yanzu waya ce da na'urar POS. Farkon 2023, da tsaba ta yi wuya bayan an sauya fasalin manyan takardu, kowa ya ga abin da ya faru da ƙananan ciniki. Manomi ya kai kayansa kasuwa ya karyar da su ga mai 'yan takardu a hannu, matar aure mai sayar da awara ta rasa yadda za ta yi. Babban ɗan kasuwa a Dawanau zai tura miliyoyi ta waya, amma yarinyar da aka aika sayen daddawa har yanzu da kuɗi a tafin hannu take tafiya.

Jihar Kano ba ta da ikon buga kuɗi, amma tana da wakilai a majalisun tarayya da za su iya kai wa Babban Banki wannan buƙata, kuma akwai lokacin da ya dace a rataya ta a kai, domin ranar 27 ga Mayu 2027 jihar ke cika shekara sittin da kafuwa, tare da sauran jihohin da aka ƙirƙiro a 1967. In an samu amincewa, kada zaɓen zanen ya tsaya a ofis. A buɗe gasa a makarantun sakandare da na Islamiyya na ƙananan hukumomi 44, a sa manoma da marina da maƙera cikin alƙalai. Kafin nan akwai abin da ke hannunmu. A gidaje da yawa na Bacirawa akwai tsofaffin kwabbai a ƙasan adaka, cikin fantekar kaka, ko a fasasshen asusu: kwabo mai huji, taro mai kusurwa goma sha biyu, sule biyu mai gyaɗa, kwabo ashirin da biyar mai dala. 'Yan gwangwan suna saye da kilo su kai a narka. Ina roƙon iyayenmu mata, domin yawanci a hannunku suke, ku ware ɗaya daga kowane iri kafin a auna sauran, a kai makarantar unguwa a jera a kan allo, kowanne da sunansa na Hausa da shekararsa a ƙarƙashi.